Gado da Tabo: Jini, Sauro da Shawara a Ƙasar Safana

1. Suna ɗaya, cuta da yawa

A ƙasar Safana da Batsari, kamar dai sauran ƙasar Hausa, in aka ga idon mutum ya yi rawaya, fitsarinsa ya rine, jikinsa ya mutu, sai a ce shawara ce ta kama shi. Ba safai a kan tsaya tambayar inda rawayar ta fito ba, gama sunan ya riga ya gamsar da kowa. Sai a tono saiwar rawaya a jiƙa masa, a hana shi cin mai, a zuba ido. Waɗansu su tashi bayan 'yan kwanaki, waɗansu su daɗe suna fama, waɗansu kuwa mako guda ba ya cika sai an kai su makwanci.

Dalilin wannan bambanci shi ne, abin da a ke kira shawara alama ce kurum, cututtukan da ke haddasa ta kuwa suna da yawa. Rawayar nan wani launi ne da ke fita daga jajayen ƙwayoyin jini sa'ad da suka mutu, aikin hanta ne ta tace shi ta zubar ta hanji. Saboda haka manyan hanyoyin da ido ke rinewa biyu ne: ko dai ƙwayoyin jini su riƙa fashewa da yawa har hanta ta kasa kwashewa, ko kuwa ita hantar kanta ta lalace. Ta hanyar farko maleriya da amosanin jini su ke ɓullowa, su ne kuma ke kawo ƙarancin jini. Ta hanya ta biyu akwai ciwon hanta iri-iri, wanda a ke ɗauka ta ruwan sha ko ta jini, da kuma zazzaɓin shawara, wanda sauro ke yaɗawa.

Haka kuma sunan nan na zamani da aka laƙaba wa maleriya, watau zazzaɓin cizon sauro, yana da nasa aibi. An ƙirƙiro shi don a koya wa jama'a cewa sauro ne sanadi, ya kuwa yi wannan aiki. Amma fa ya bar mutane da zaton zazzaɓi ɗaya tak sauro ke kawowa, alhali zazzaɓin shawara da dengi da cikungunya duk ta bakin sauro su ke shiga jiki. Maleriya wata 'yar halitta ce da a ke iya gani da madubin likita tana zaune cikin ƙwayar jini. Sauran ukun kuwa bairas ne, watau ƙwayar cuta wadda ta fi waccan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, maganin maleriya kuma ba ya taɓa ta.

Abin da wannan takarda za ta bi diddiginsa shi ne yadda cututtukan nan iri biyu suka bar shaidarsu a jinin mutanen wannan ƙasa. Maleriya ta bar gado, wanda ɗa ke karɓa daga uwa da uba. Zazzaɓin shawara kuwa tabo ya ke bari, wanda ke kare mai shi muddin ransa, amma a kan binne su tare. Wanda ya rikita gado da tabo ya kan yi kuskure a wuri biyu, wajen aure da wajen rigakafi.

2. Ƙasar da sauronta

Safana, mazaunin Yariman Katsina, da Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, suna yammacin ƙasar Katsina, a gefen dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Zamfara. A watan Maris na 1853 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa wannan yanki a hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka kafin ya faɗa daji ya nufi Zurmi. A zamaninsa Turawa sun ɗauka zazzaɓi daga ruɓaɓɓiyar iskar fadama ya ke tasowa. Hausawa kuwa sun lura da lokacinsa sarai, sun san masassara ta fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka, suka danganta ta da danshi da cin sabon amfanin gona. Duka biyu sun gane wuri da lokaci, sauro ne kaɗai ya ɓace musu.

Shekara guda bayan wucewar Barth, a 1854, Likita Baikie ya shigo kogin Kwara da na Binuwai cikin jirgin ruwa, ya riƙa ba mutanensa kwinin kullum, ya koma bai rasa ko mutum ɗaya ba. Aka san magani tun ba a san mai kawo cutar ba. Sai a 1880 Laveran, likitan sojan Faransa, ya ga ƙwayar maleriya cikin jinin wani majiyyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Game da zazzaɓin shawara kuwa, Carlos Finlay na Kyuba ya tuhumi sauro tun 1881, Walter Reed da abokan aikinsa suka tabbatar da zancensa a 1900.

Da aka ƙara bincike sai aka ga ashe ba sauro ɗaya ba ne. Mai kawo maleriya, Anofilis, ya kan yi ƙwai a ruwan da ya kwanta a fili, kamar kududdufi da gurbin kofaton shanu da bakin fadama, da dare kuma ya ke cizo. Mai kawo bairas ɗin nan uku, Edis, yana da zane-zanen fari a ƙafa, da rana ko da almuru ya ke cizo. Wani irinsa ɗan gida ne, a randa da tulu da tsohuwar taya ya ke hayayyafa, ƙwansa kuma ya kan jure bushewa wata da watanni har ruwa ya sake taɓa shi. Waɗansu irin na daji ne, suna yin ƙwai a kogon itace, wani kuma a ramukan duwatsu inda ruwan sama ke taruwa. Na dajin nan su ne ke ɗauko zazzaɓin shawara daga birai su sa wa manomi ko makiyayi ko mai saran itace, shi kuma ya kawo gari, sauron randa ya karɓa ya raba. Ƙasar da ke da daji da duwatsu da fadamu, wadda kuma tilas mutanenta su ajiye ruwa da rani, ta tanadar wa kowane iri masauki.

3. Gadon maleriya

A 1901 Karl Landsteiner, a ƙasar Ostiriya, ya nuna jinin mutane ya kasu rukuni-rukuni, waɗanda a yau a ke kira A da B da O, aka gano AB a 1902. Wannan rabo ya danganta ga wata alama da ke jikin fatar ƙwayar jini, babban amfaninsa kuwa wajen ƙarin jini ne. Akwai kuma wani rabo dabam, na AA da AS da SS, wanda ya shafi abin da ke cikin ƙwayar, watau himogulobin, jan sinadarin nan mai kai iska sassan jiki. A bakin jama'a duka biyu irin jini ne, har a kan sami mai cewa shi O ne, saboda haka ba ruwansa da sikila. Wannan kuskure ne, gama mai O yana iya zama AS ko SS, kowane rabo da hanyar gadonsa.

Amosanin jini tsohuwar cuta ce a Afirka ta Yamma. A 1874 Likita Africanus Horton, ɗan Saliyo, ya siffanta wani ciwon gaɓoɓi mai tashi da damina wanda masana ke ganin ita ce. A 1910 James Herrick, a Shikago ta Amurka, ya ba da labarin wani ɗalibi daga tsibirin Giranada wanda ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. A 1949 Linus Pauling ya nuna aibin yana cikin himogulobin, a shekarar kuma aka tabbatar sai ɗa ya yi gadon S daga uwa da uba duka kana ya kamu. Lafiyayyar ƙwayar jini ta kan yi wajen kwana 120 tana aiki, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 ta ke yi ta fashe. Daga nan ƙarancin jini da rawayar ido ke zuwa. In kuma ƙwayoyin suka toshe ƙananan jijiyoyi, sai ciwon ƙashi ya tashi.

To, sai tambaya ta taso. In dai masu SS suna mutuwa tun suna ƙanana, ba su kai ga haihuwa ba, me ya hana wannan gado ƙarewa? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954, bayan binciken da ya yi a Afirka ta Gabas. Ya nuna mai AS, wanda ya karɓi S ta gefe ɗaya kaɗai, ya fi mai AA tsira daga maleriya. Binciken da ya biyo baya ya nuna kariyar ta kai wajen kashi 90 cikin 100 game da maleriya mai tsanani. Watau duk inda maleriya ta yi katutu, abin da gadon ke rasawa ta wajen masu SS yana mayarwa ta wajen masu AS.

A ƙasar Hausa ne aka sami ɗaya daga cikin hujjojin da suka fi ƙarfi. Tun 1954 aka fara gwajin feshin gidaje a yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, amma ba a jima ba sauro ya saba da ɗaya daga cikin magungunan feshin. A shekarun 1960 aka sake gwadawa a gundumar Kankiya ta Lardin Katsina, aka haɗa feshi da rabon ƙwayoyin magani, maleriya ta yi sauƙi amma ba ta yanke ba. Daga 1969 zuwa 1976 Gwamnatin Nijeriya da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya suka yi babban aikin Garki, a Jihar Kano ta wancan lokaci, Jigawa a yau. A cikinsa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen ƙauyuka, suka buga sakamako a 1979. Cikin jarirai sabuwar haihuwa wajen kashi 24 cikin 100 AS ne, cikin waɗanda suka wuce shekara 5 kuwa adadin ya hau zuwa wajen 29. Tun da ba mai sake gadonsa bayan haihuwa, ma'anar wannan hawa ita ce masu AA sun fi mutuwa a tsakani. Masu SS kuwa wajen 2 ne cikin 100 ran haihuwa, amma da ƙyar aka same su cikin manya.

Wannan lissafi yana haskaka wata tsohuwar kalma, watau wabi. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya a kan ce tana wabi, a raɗa wa na gaba suna irin su Ajuji ko Ayashe ko Ajefas, don a nuna ba a damu da shi ba, ko ya zauna. Abubuwan da ke kashe yara a zamanin da suna da yawa, ga ƙyanda, ga gudawa, ga maleriya kanta, ba daidai ba ne a jingina wabi duka ga amosanin jini. Amma in miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zama SS. Irin wannan gida shi ne inda mutuwa za ta yi ta komowa ɗaki ɗaya alhali 'ya'yan maƙwabta suna ta girma.

Ba S kaɗai maleriya ta bari ba. A 1950 aka gano wani rukunin jini mai suna Duffy, wanda kusan duk mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamarsa. A 1976 Louis Miller da abokan aikinsa a Amurka suka nuna wannan alama ita ce ƙofar da wata irin maleriya mai suna bibaks ke bi ta shiga ƙwayar jini. Shi ya sa bibaks ta yi yawa a Indiya ta yi ƙaranci a ƙasar Hausa, inda falsifaram, wadda ta fi kisa, ke da rinjaye. Ƙofar dai ba a rufe ta ke ruf ba, gama tun 2010 an sami bibaks a jikin marasa alamar a Madagaska. Game da A da B da O kuma, wani bincike da aka yi kan yara a Mali, aka buga a 2007, ya nuna masu O sun fi tsira daga maleriya mai tsanani, don ƙwayoyin jininsu ba su cika manne wa juna su toshe jijiya ba. Wannan kariya ba ta kai ta AS ba, ba ta kuma hana kamuwa.

4. Tabon shawara

Labarin zazzaɓin shawara ya bi wata hanya dabam. A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa ɗakin bincike a Yaba, kusa da Ikko. A 1927 ma'aikatanta suka ɗebi jinin wani majiyyaci a Gwalkwas, Gana ta yau, suka sa wa birin Indiya, birin ya kamu, aka riƙe bairas ɗin a hannu karo na farko. Sunan majiyyacin Asibi, suna ne da kunnen Bahaushe ya sani cikin sunayen ranar Asabar. Shi Asibi ya warke, amma masu binciken ba su tsira duka ba: cutar ta kashe Adrian Stokes a Ikko a 1927, ta kashe Hideyo Noguchi ɗan Japan a Akra a 1928. Wannan bairas na Asibi ne Max Theiler ya yi ta raunanawa har ya sami allurar rigakafi mai suna 17D a 1937, ita ce a ke amfani da ita har yau.

Kafin a kai ga allura an sami wani abu da ya fi shafar masu tarihi. An gano cewa wanda ya taɓa kamuwa ya warke, jininsa yana riƙe da garkuwa har ƙarshen ransa. In aka haɗa ruwan jininsa da bairas aka sa wa ɓera, ɓeran ya kan rayu, in kuwa ba shi da garkuwa sai ɓeran ya mutu. Da wannan gwaji Beeuwkes da Mahaffy suka bincike Afirka ta Yamma, suka buga sakamako a 1934. Sai ga garkuwa a garuruwa da yawa, har da na Nijeriya ta Arewa, inda littattafan asibiti ba su nuna an yi annoba ba. Hikimar gwajin tana wajen duba shekaru. In manyan gari suna da garkuwa, yara 'yan ƙasa da shekara 10 ba su da ita, to, an san cutar ta yi wajen shekara 10 ba ta zo ba. Da haka aka karanta a jini abin da kalmar shawara ta lulluɓe.

Ba abin mamaki ba ne da annobar ta wuce ba a gane ta ba. Mafi yawan waɗanda bairas ɗin ya shiga jikinsu ba su yin wani ciwo mai tsanani, zazzaɓi ne na kwana 3 ko 4 ya wuce. Wajen kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka kwanta su ne ciwon ke komo wa bayan ɗan sauƙi, hanta ta lalace, ido ya rine, a yi aman jini, daga cikinsu kuma kashi 30 zuwa 60 ba su tashi. Duk wannan kuwa a ƙarshen damina ya ke faruwa, daidai lokacin da maleriya ta cika kowane gida.

Amma fa wannan garkuwa ba ta shiga gado. Uwa ta kan ba jaririnta aron tata na 'yan watanni, sa'an nan ta gushe. Saboda haka kowane sahun yara yana tasowa ne hannu rabbana, ko da iyayensu duk sun tsira. Tarihin rigakafi ya nuna haka filla-filla. Daga 1941 Faransa ta tilasta rigakafin shawara a ƙasashen da ta ke mulki, har da Nijar, ta hanyar tsaga a dantse kamar lambar agana, cutar kuwa ta yi kusan ɓacewa a can. Ingila ba ta yi irin wannan gayya a Nijeriya ba, sai ya zama mutumin Maraɗi da na Ruma, dangin juna, ɗaya yana da kariya ɗaya babu. Sai dai maganin na Faransa yana da illa, ya kan taɓa ƙwaƙwalwar waɗansu yara, aka daina yi wa ƙanana wajen 1960. Ba a yi nisa ba, a 1965, annoba ta ɓarke a Jurbel ta ƙasar Sanagal, mafi yawan waɗanda ta kama kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 10.

A Nijeriya annobar ta yi ta zuwa tana komawa. A 1969 ta faɗa wa ƙasar Jos, aka ƙiyasta waɗanda suka kamu za su kai 100,000. A 1986 ta ɓarke a Oju ta Jihar Binuwai, inda aka ƙiyasta mutum 9,800 sun yi rawayar ido, 5,600 sun mutu. A 2004 aka sa allurar shawara cikin rigakafin yara na yau da kullum, a wata na 9 da haihuwa, a 2013 kuma Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har abada. Duk da haka yaran da ba a kai su ba suka yi ta taruwa shekara bayan shekara, har cutar ta sake ɓulla a Jihar Kwara a 2017. A 2019 ta bayyana a Alkaleri ta Jihar Bauci, ta kuma bayyana a Jihar Katsina, har da Ɗan Musa, maƙwabciyar Safana, aka yi gangamin rigakafi a jihar a shekarar. A 2019 da 2020 ɗin nan ne kuma hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gefen dajin Rugu, ƙauyuka da yawa suka watse, mutane suka cunkushe a garuruwa suna tara ruwa a kowane mazubi, ma'aikatan lafiya suka kasa shiga waɗansu wurare. Duk yaron da aka haifa bayan gangamin, allurar wata na 9 kuma ta wuce shi, ba shi da rabo cikin kariyar 2019.

5. Inda gado da bairas suka gamu

Saura tambayar da ta fi wuya: ko rukunin jini da ƙarancin jini suna sake yadda bairas ɗin sauro ke yi wa mutum? Mafi yawan abin da aka sani daga dengi ya fito. An kama bairas ɗin dengi a jinin masu zazzaɓi a Ibadan tsakanin 1964 da 1968, saboda haka ba baƙo ba ne a Nijeriya, sai dai a kan ɗauke shi maleriya a ba da maganin da ba ya yi masa kome. Iri 4 ne, wanda kuma ya warke daga wani iri ya kamu da wani daga baya ya fi shiga haɗari.

Na farko, amosanin jini. A babbar annobar dengi ta Kyuba a 1981, wadda ta kama fiye da mutum 340,000 ta kashe 158, likitoci sun lissafa amosanin jini cikin abubuwan da ke sa ciwon ya yi muni. Wani bincike a Jamaika, wanda aka buga a 2015, ya sami mace-mace cikin masu amosanin jini da dengi ta kama ya fi na sauran jama'a nesa. Dalili a fili ya ke: dengi tana sa jijiyoyi su yi yoyo, ruwan jini ya ragu, jinin da ya yi kauri kuwa shi ne ƙwayoyi masu siffar lauje suka fi toshewa. Ashe S ɗin da ke taimakon mai AS gaban maleriya nauyi ne ga mai SS gaban bairas.

Na biyu, rukunin A da B da O. Wani bincike kan yara a Tailan, wanda aka buga a 2007, ya sami masu AB sun fi shiga matsanancin hali in dengi ta kama su karo na biyu. Binciken da aka yi a waɗansu ƙasashe bayan haka bai zo baki ɗaya ba. Haka nan zancen da ya yaɗu cewa sauro ya fi son mai O, tushensa gwaje-gwaje ne ƙanana, kamar wanda aka buga a Ingila a 1972 da na Japan a 2004, waɗanda aka yi kan mutane kaɗan. Abin da ya fi jawo sauro shi ne numfashi da ɗumin jiki da warin fata. Hujjar da ke nan ba ta kai ƙarfin ta Garki ba ko kusa, ba ta kuma isa a gaya wa kowa ya saki jiki ba.

Na uku, ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, wanda ya yi yawa ga mata masu ciki da yaran da abinci bai ishe su ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin suka nuna cewa in jini yana da isasshen ƙarfe, sauron da ya sha shi ba ya cika ɗaukar bairas ɗin dengi, ɓerayen da aka rage wa ƙarfe kuwa sun fi sa wa sauro cutar. Watau ƙarancin jinin mutum ɗaya yana iya zama haɗari ga maƙwabcinsa. Wannan dai gwajin ɗakin bincike ne. A wajen maleriya kuwa abin ya juya, gama ƙwayar maleriya ita ma ƙarfe ta ke nema. A 1975 likitocin da suka yi aiki a gabashin Nijar lokacin fari suka ba da labarin mutanen da yunwa ta rama, waɗanda maleriya ta tasar musu 'yan kwanaki bayan sun fara samun abinci. A 2006 wani babban gwaji a tsibirin Pemba na Tanzaniya ya nuna raba wa dukan yara ƙwayar ƙarfe inda maleriya ta yi yawa ya ƙara yawan masu kwanciya asibiti. Shi ya sa a irin waɗannan wurare a ke haɗa maganin ƙara jini da kariya daga maleriya.

6. Abin da ya rage wa masu koyarwa

In aka auna hujjojin nan, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Dangantakar maleriya da S da Duffy da O ta tabbata, wani sashenta ma a ƙauyukan Hausa aka tabbatar da shi. Haɗarin bairas ga mai amosanin jini yana da shaida mai ƙarfi. Zancen rukunin jini da bairas kuwa har yanzu rauni gare shi. Wannan bambanci yana da dalili na tarihi. Maleriya tana zaune da mutanen wannan ƙasa kowace damina shekara dubbai, tana kashe yara tun ba su kai aure ba, a cikin jar ƙwayar jini kuma ta ke zama, saboda haka duk wani bambanci a wannan ƙwaya ya shiga lissafin rai da mutuwa. Zazzaɓin shawara kuwa hanta ya ke nema, zuwa ya ke yi ya tafi, wanda ya tsira ya tsira da garkuwar kansa.

Malamin da zai koyar da wannan da Hausa yana bukatar kalmomi rababbu, harshen kuwa yana da su in aka tsai da kowace a wurinta. A bar shawara ga rawayar ido, da ƙarancin jini ga ɗashewar jiki, a san duka biyu alamu ne da ke neman a auna jini. A ce zazzaɓin shawara ga cutar bairas, a ce maleriya ga ɗayar. A ce rukunin jini ga A da B da AB da O, a ce gadon jini ga AA da AS da SS, don kada ɗalibi ya amsa tambayar ɗaya da takardar ɗaya.

Daga nan aikin kowanne ya fito. Gado ba ya jin allura, saninsa a ke yi kafin aure, a 2024 ma Jihar Kano ta yi doka ta sa gwajinsa cikin sharuɗɗan ɗaurin aure. Tabo kuwa ba a gadonsa, sai an sa wa kowane yaro nasa da allura a wata na 9, a rufe randa, a kife tsohuwar taya da fasasshen tulu. Uwar da ke Runka ko Zakka ko Ruma, wadda idon ɗanta ya rine a watan Satumba, abu uku ke gabanta masu kama ɗaya: maleriya mai magani a asibiti, amosanin jini mai bukatar kulawa muddin rai, da zazzaɓin shawara wanda ba shi da magani sai rigakafi. Kalmar da aka koya mata a makaranta ita ce za ta sa ta nemi a auna jininsa tun da sauran lokaci.